A yi hattara da mai tallan ƙananan jiragen ƙasa a Facebook, ni dai ya wanke ni

Salam 'yan uwa. Na jima ina jan ƙafa kan wannan rubutun saboda kunya wlh, amma jiya wani ɗalibi daga Samaru ya turo min hoton wani talla yana tambayata wai Yaya in tura kuɗin? Ina dubawa sai na ga ai mutumina ne, suna kawai ya canza da hoton fuska, amma hotunan kayan su ne dai waɗanda ya nuna min wata huɗu da suka wuce, har da jar dardumar da ke ƙarƙashin jirgin. To shirun ya isa haka.

Waɗanda suka san ni sun san haukata da jirgin ƙasa, gado ne. Kakana a reluwe ya yi aiki nan Sabon Gari har ya yi ritaya, da labarinsa muka tashi, yadda Zariya take mahaɗa, ga layin Legas zuwa Kano, ga reshen da ya bi Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda, ga kuma ɗan siririn layin nan na Jos da aka rufe a 1957 wanda faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal. Burina tun ina yaro in gina tashar Zariya ƙarama a kan tebur, da dogo da taragai da rumbunan gyaɗa da auduga, jirgi na zagayawa da wutar lantarki. Bana da yarona ya shiga aji shida na ce to lokaci ya yi, mu yi tare.

Na sayi filawud mai ƙafa huɗu da takwas, wani kafinta a Tudun Wada ya yi masa ƙafafu, na zana komai a takarda. Sikelin HO na zaɓa, wato kowane abu an rage girmansa sau 87, tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 ne. Akwai N wanda shi sau 160 ne dogonsa milimita 9, ya fi cin ƙaramin wuri amma ƙanƙantarsa ta yi yawa ga hannun yaro da idona. Akwai kuma OO na 'yan Ingila, sau 76, shi ma a dogon 16.5 yake tafiya. Kwanar HO da aka saba inci 18 ce daga tsakiya, kenan da'ira na cin inci 36 da ɗoriya, ta zauna daidai a faɗin filawud ɗina. Eh na sani, masu bin ƙwaƙƙwafi za su ce tsohon dogonmu milimita 1067 ne don haka a HO dogo mai milimita 12 ya fi dacewa, to Malam a ina zan samo shi a Zazzau? Na dai kawo wannan bayanin ne don ku gane ba wai ban yi karatun abin ba, na yi, kwaɗayi ne ya rufe min ido.

A wani zauren saye da sayarwa na Facebook na gan shi. Ya ce kayan gwanjo ne daga Jamus, wai na wani Bature ne da ya rasu iyalansa suka sallamar, akwai kan jirgi biyu, tarago goma sha biyu, dogo da kwanoni da mahaɗai, da taransifoma, duka naira dubu 185. Duk wanda ya taɓa leƙa farashin Hornby ko Bachmann, kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan ƙananan jiragen, ya san kan jirgi ɗaya mai kyau zai iya lashe wannan kuɗin, amma maimakon in tsorata sai na ce Allah ne ya kashe ya ba ni. Muka koma WhatsApp. Mutumin akwai ladabi, Alhaji kaza Alhaji kaza, ranka ya daɗe, ni da ko Saudiyya ban taɓa zuwa ba, ranar Juma'a har saƙon barka da Juma'a yake turo min.

Tun a nan ya kamata in farga. Na tambaye shi HO ne ko OO, ya ce ai duk ɗaya ne Alhaji. Na ce wane tsarin wuta yake amfani da shi, DC ne (irin wutar batir) ko DCC (mai sarrafawa ta dijital), ya ce "orijinal ne ba na Chana ba". Na ce ya ɗora rula a kan dogon ya ɗauko min hoto, ya ce kayan na sito a Legas yaronsa ne ke da makulli. Na ce to bidiyo, ya turo wani na daƙiƙa tara babu murya babu hannun mutum. Duk na gani na share, don ya ce akwai wani a Abuja da ke son biya gobe.

Na tura dubu 95 kafin alƙalami, kuma sunan da ya fito a akawun ɗin na mace ne, ya ce matarsa ce. Bayan kwana uku ya kira wai kwastan sun riƙe kaya sai an ba da dubu 28, kayan da ya ce min suna sito a Legas fa! Na yi masa wannan maganar ya ce ai rabin ne a sito rabin na tashar ruwa. Na tura, saboda idan ka riga ka zuba 95 gani kake 28 ba komai ba ce, kuma da wannan tunanin suke cin mutane. Sai cikon dubu 90 wai kafin a ɗora a mota, sai dubu 12 na direba. Ku tara da kanku, dubu 225. Maman yara tun a na kwastan ta ce Baban Abba wannan mutumin ɗan damfara ne, na ce mata ba ta san harkar ba.

Abin da ya sa nasa salon ya fi haɗari, shi yana turo kaya. Kwali ya iso tasha a Kwangila, na je da yaro muka ɗauko a Keke yana ta tsalle. Muka buɗe. Dogon roba ne, irin na jirgin wasan yara mai batir da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, wanda ko wuta ba ta bi ta cikinsa. Tarago huɗu ne ba sha biyu ba, biyu na roban nan, biyu kuma na gaske amma N ne, 'yan mitsi-mitsi kamar ɗan yatsa. Kan jirgi ɗaya ne, tsoho, na kamfanin Märklin, shi kam na Jamus ne da gaske, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan ƙarfe dogo kamar takalmi wanda ke shan wuta daga tsakiyar dogo, wato tsarin wutar AC ne (ba irin ta batir ba) mai layi uku, ba zai taɓa tafiya a dogon DC mai layi biyu ba, in ka ɗora shi ma haɗa wuta zai yi. Taransifomar kuwa ni da gaggawa na sa mata adafta na cusa a soket, ta yi wani ɗan ƙara, hayaƙi ya tashi, wari ya cika ɗaki. Sai da na kai wa abokina mai gyaran rediyo a PZ ya juya bayanta ya nuna min an rubuta 120V, ta Amurka ce, mu kuma wutarmu 230 ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ban ji haushinsa ba.

Kun ga dabarar ai. Tarkace ya tsinto daga wurare daban-daban ya cika kwali, don in ka yi magana ya ce ai na turo kaya ga rasit ɗin mota. Haka kuwa ya ce min, wai ni ne ban iya haɗawa ba, na ƙona masa taransifoma mai tsada. Kwana biyu ya yi bulokin ɗina ko'ina. Na je banki na cike takardar ƙorafi, na kai rahoto inda ya dace da hotunan hirarmu da alat ɗin duka, ana dai bi har yanzu.

Don Allah duk mai son sayen irin kayan nan daga wanda bai sani ba, ka sa shi ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye gefen kayan ya yi bidiyo yana magana. Ya ɗora rula a dogo ka ga 16.5 ko 9 da idonka. Ya kifa kan jirgin ka ga cikinsa, in akwai takalmin nan a tsakiya ka san sai dogon Märklin. In na DC ne abu mai sauƙi, ya ɗauko batir mai 9V ɗin nan mai kusurwa huɗu ya taɓa a ƙafafun hagu da dama, in injin na da rai za su juya nan take, wanda ya ƙi yi maka wannan gwajin na minti ɗaya ka san akwai lauje cikin naɗi. Ka karanta bayan taransifoma da kanka. Ka tambayi ƙarfen dogon ma, nikel silba ake so, na baƙin ƙarfe tsatsa yake yi da damina ta sauka. Sannan ka saka hoton tallan a Google ka nema, ni da na yi daga baya a wani shafin gwanjo na Turai na tsinci hotunan, da jar dardumar da komai. Kuma maganar kuɗin kwastan bayan an gama ciniki, da ka ji ta ka tsaya nan.

Alamominsa: yana cewa kayan marigayi Bature ne, yana kiran kowa Alhaji ko Hajiya, akawun ɗin ba sunansa ba ne, kuma kullum akwai wani a Abuja da zai biya gobe. Na ji yanzu ya koma bin ɗaliban zanen gine-gine da tallan ƙananan bishiyoyi da motoci da mutane na samfurin gini, don haka 'yan Samaru da Kongo ku gaya wa juna. Ban sa suna da lamba a nan ba saboda maganar na hannun hukuma kuma ban san ko matar mai akawun ɗin ta san abin da ake yi da sunanta ba, amma wanda ya ga talla mai kama da wannan ya turo min hoton ta inbos in duba masa.

Teburin na nan a zaure. Ni da Abba mun gama ginin tashar da kwali da katakon ashana, mun yi rumbu biyu, mun rina garin katako kore ya zama ciyawa. Dogo ne dai babu, wani ɗan uwa da zai dawo daga Ingila bayan Sallah ya ce zai riƙo min na kamfanin Peco ko da da'ira ɗaya ce.