Gilashin VR da ciwon marar 'yata, ga abin da na gani

Masu tambayata ko gilashin VR, wato wanda ake ɗaurawa a ido mutum ya ji kamar yana cikin bidiyon da yake kallo, yana maganin ciwon mara, gaskiya yana rage wahala amma ba magani ba ne, kar wata ta zubar da ƙwayoyin 'yarta saboda shi. A Computer Village da ke Ikeja na saya, irin na roba mai araha da ake zura waya a ciki a ɗaura a kai, ba irin Meta Quest mai tsadar nan ba.

'Yata tana SS2, duk wata ranar farko da ta biyu sai murƙususu, wani lokacin har da amai, makaranta ma ba ta iya zuwa. Ciwon nan wani sinadari ne prostaglandin ke kawo shi, shi ke sa mahaifa ta dinga matsewa, kuma shi ibuprofen ke ragewa. Gilashi bai taɓa wannan ko kaɗan, hankali kawai yake ɗaukewa. Kuma ba shirme ba ne fa, a Jami'ar Washington ta Amurka Hunter Hoffman da abokan aikinsa sun yi SnowWorld, duniyar ƙanƙara da masu ƙunar wuta ke kallo lokacin da ake wanke musu ciwo, sannan a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wata na'urar VR don ciwon baya mai daɗewa.

Yadda muke yi, ta ci abinci tukuna ta sha maganinta, a ɗora mata gorar ruwan zafi a mara, sai in sa mata bidiyon 360, irin wanda ake gani ta ko'ina aka juya kai, na ƙarƙashin teku daga YouTube. Wallahi ina zaune ina kallon yatsun ƙafarta da ta dunƙule suna sakewa a hankali, har ta ce min "Umma kifin nan ya kusa taɓa min hanci". Wannan ɗan lokacin kafin magani ya fara aiki, wanda da kuka take cinye shi, a nan gilashin ya biya kuɗinsa. Tana cirewa kuma ciwon yana nan, sai dai ta samu sararin numfashi.

Matsalolinsa kuwa akwai su. Zafin Legas ga gumi, in an ɗauke wuta babu fanka madubin ciki sai ya yi hazo, soson ya jiƙe sharkaf, wayar ta ɗau zafi, data kuma kamar ana zuƙe ta, gara ki sauke bidiyon tun da wuri. Kar ki sa mata mai gudu ko lilo, jiri yake kawowa, yarinyar da dama tana tashin zuciya sai ki ƙara mata. Mai shagon ce min ya yi "Hajiya kowace waya tana yi", ba haka ba ne, sai waya mai jairoskof, wato ɗan abin da ke gane juyawar waya, in babu shi hoton ba ya bin juyin kai. Ki gwada da wayarki a gabansa kafin ki biya.

Abin da ke damuna shi ne kar wasa ya rufe mana ido. In ciwon yana ƙaruwa wata bayan wata, ko magani ya daina yi, ko jinin ya yi yawa, a kai yarinya wajen likitan mata, don akwai endometriosis, cutar da nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, kuma tana kama 'yan mata ma. Tamu mun kai ta an duba kafin ma in sayi gilashin.