Famfon iskar salansa: a gyara ko a canza?

Assalamu alaikum Alhaji. Game da famfon iskar salansa na Marsandinka C240 da ya fara ƙara da safe, shawarata ita ce ka canza shi da na Beljiyam mai lafiya, kuma ka haɗa da bawul ɗin da ke tsakaninsa da inji a rana ɗaya.

Tawa motar E320 ce, mai irin injin taka, wato M112. A wani hunturu, duk asuba idan na tayar da ita domin kai yara makaranta, sai famfon ya riƙa kuka kamar injin markaɗe na kusan minti guda, sannan ya yi shiru, fitilar gargaɗin inji kuma ta ƙi mutuwa. Da aka sa mata kwamfuta sai ta nuna P0410, wato lambar da ke nuna matsala a tsarin famfon iskar salansa. Makanikena, wani dattijo mai haƙuri da ya daɗe yana aikin motocin Jamus a nan Sakkwato, bai taɓa famfon ba sai da ya duba fiyus da rile da tiyo. Da ya kwance famfon ya karkata shi a gabana, ruwa mai launin tsatsa ne ya zubo a kan takalminsa. Ya bayyana mini cewa aikin famfon shi ne tura iska cikin hayaƙi lokacin da inji yake da sanyi, domin ragowar man da bai ƙone ba ya ƙone, katalis kuma, wato abin da ke tace hayaƙi a cikin salansa, ya yi zafi da wuri. Idan bawul ɗin ya daina rufewa sosai, tururin hayaƙi yana komawa baya ya zama ruwa a cikin famfon, shi ya sa ko a garinmu mai zafi da bushewa ake samun boris ya yi tsatsa. Ya sa aka kawo mana famfo da bawul daga Ƙofar Ruwa a Kano, kuma tun daga ranar motar take tashi lami lafiya, fitilar ba ta sake kamawa ba. Har yau ina yi masa addu'a saboda bai bar ni na sayi famfo kaɗai ba, domin da tsohon bawul ɗin ya sake kashe shi.

Gyara a wurin mai rewaya yana yiwuwa idan burushi ne kawai ya cinye, amma famfon da ruwa ya riga ya zauna a cikinsa ba ya daɗewa bayan an buɗe shi. Wasu za su ce maka a cire shi a toshe hanyar gaba ɗaya. Motar za ta yi tafiya, sai dai fitilar za ta zauna a kunne, ranar da wata matsala ta gaske ta taso ba za ka gane ba.

Ko da yake ba ka tambaya ba, ka yi hattara da masu wanke mataccen famfo su fesa masa baƙin fenti su kira shi Beljiyam, da masu kwali sabo ɗauke da sunan Bosch alhali na ciki jabu ne. Ka tafi da tsohon naka, ka gwada lambar jikinsa da ta wanda za a ba ka. Ka sa a jona shi da batir a gabanka, ka tara hannu ka ji ƙarfin iskar, ka saurara ko akwai gurnani. Ka girgiza shi, ka leƙa bakinsa ko akwai tsatsa ko baƙin hayaƙi, ka kuma duba ko an shafa gam a mahaɗarsa. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji, ko ya ƙi yarda ya karɓi kayansa idan bai yi aiki ba, kada ka ba shi kuɗinka.