Awon ido kafin dashen ICL, abin da na gani a Kano da Alkahira

Masu tambayata a inbox kan aikin idona, ga bayani nan gaba ɗaya. Idona minus 11 ne, wato ba na ganin nesa sai da tabarau mai ƙarfi, likita ya ce fatar gaban idon ta yi siriri ba za a yi min leza ba sai dai ICL, wato ɗan gilashi mai laushi da ake sakawa bayan baƙin ido, a gaban gilashin da Allah ya halicce ka da shi. Aikin kansa ba ni da ƙorafi, yanzu daga kan gadar Ƙofar Nassarawa ina karanta allon talla ba tabarau. Awon girman gilashin ne ya ci min rai.

Shi wannan gilashi girma huɗu kawai yake zuwa, 12.1, 12.6, 13.2 da 13.7 milimita, kamar takalmi ne, ko ya yi maka ko ya matse ka. In ya yi ƙarami sai ya kwanta kusa da gilashinka na asali har ya iya jawo yanar ido, in ya yi girma ya turo gaba ya matse hanyar da ruwan ido ke fita, hawan jinin ido ya biyo baya. Tazarar da ake so tsakanin su biyun wajen maikiron 250 zuwa 750 ce (maikiron dubu ne milimita ɗaya).

A wani asibiti mai zaman kansa nan Kano aka fara min awo, na'ura ta ɗauki faɗin baƙin idon daga fari zuwa fari, minti biyu an gama, yaron da ke awon ko sake ɗauka bai yi ba, ya buga takarda ya miƙo min. Na tura wa likitan da zai yi min aikin a Alkahira ta WhatsApp ya ce da wannan lamba 13.2 ne. Da na isa sai ya ce shi ba ya saka komai sai ya ga ciki da kansa, domin fari zuwa fari awon waje ne, gilashin kuwa a wani lungu yake zama can bayan baƙin ido inda haske ba ya shiga, kuma na'urori ma sukan saɓa da juna a wannan awon. Ya yi min UBM, irin sikanin ɗin nan na sauti amma na ido, an kwantar da ni an ɗiga maganin kashe zafi an ɗora wani ɗan kofi mai ruwa a kan idon, wallahi ba daɗi ko kaɗan, hawaye har cikin kunne. Sakamako ya fito lungun nawa ya fi ƙanƙanta, 12.6 aka saka, bayan aiki ya duba da OCT, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin ido da haske, ya nuna min tazarar a allo tana tsakiyar inda ake so.

To da farko na ce ai mutanen Kano ba su yi laifi ba, abin da na'urarsu ke iyawa kenan. Amma duk lokacin da na tuna kwanakin otal da na ƙara ina jiran a kawo sabon girma, wato 12.6 ɗin maimakon 13.2, ga dala yadda take, sai raina ya ɓaci. Sun san ICL zan yi, na faɗa musu baki da baki, me zai hana su ce Hajiya wannan awon shi kaɗai bai isa ba, ki nemi na ciki? Da na dawo na je na yi musu magana, mai karɓar kuɗi ta ce su dai sun yi abin da na biya, likitan kuma wai yana tiyata.