Na gwada Wolfram Alpha da lambar da ta yaudari Fermat

Wata biyu ke nan ina amfani da Wolfram Alpha, shafin lissafin nan da kamfanin Stephen Wolfram ya buɗe a 2009. Abin da ya kai ni can kuwa lamba ɗaya ce: 4,294,967,297. Na daɗe ina jin labarinta, amma ƙaramin kalkuletan da nake da shi gurbi takwas ne iyakarsa, ko shigarta ba ta yi.

Ga labarin a taƙaice. Idan ka jera 2 har guda 32 kana ninka su da juna, sannan ka ƙara 1, ita za ka samu. Pierre de Fermat, masanin lissafi Bafaranshe, ya yi zaton duk lambobin wannan zubi, wato inda yawan 2 ɗin da aka jera ke ninkuwa (guda 1, 2, 4, 8, 16, 32, har gaba) kafin a ƙara 1, ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Na farko-farkon sun ba shi gaskiya: 3, 5, 17, 257, 65,537. Sai a 1732 wani masanin lissafi, Leonhard Euler, ya nuna cewa 641 na raba ta biye da su, wato wannan lambar tawa, babu saura.

Na rubuta ta a akwatin, na danna. Kafin in gyara zama amsa ta fito: 641 sau 6,700,417. Ban yarda ba sai da na ɗauki biro na ninka da hannuna, kuma ta cika cif. A nan ne na jinjina wa Euler, mutumin da ya gano haka babu na'ura ko ɗaya a gabansa.

Shafin bai tsaya nan ba. Ya ce mini lambar mara ce, ba cika ba, ya kuma rubuta ta da tsarin sifili da ɗaya na kwamfuta: ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe, sifili 31 a tsakani. Da na saka 2,147,483,647 sai ga ɗaya guda 31 reras, kuma ita ba ta rabuwa da komai sai da kanta ko da ɗaya. Wannan ya fi burge ni, domin ido ma na ganin tsarin lamba tun kafin a zo ga hujja.

Na kuma gwada 33,550,336, ɗaya daga cikin waɗanda ake kira cikakkun lambobi, irin su 6 da 28. Shafin ya jero duk lambobin da ke raba ta, guda 26. Ka cire ita kanta, ka tara sauran 25, ita za ka sake samu; abin da ya sa ake ce mata cikakkiya ke nan.

Mai son gwadawa ya sani cewa galibi da Turanci ake yi masa tambaya, kuma sai da intanet. Bayanin mataki-mataki na masu biyan kuɗi ne. Ni dai na kyauta ya ishe ni, tunda amsar nake nema, biro na hannuna don tantancewa. Ɗalibin da ke son sanin dalilin da ya sa 641 ce ta raba lambar Fermat kuwa, sai ya haɗa da littafi.