Hattara masu ƙara rauta a gida: ana binne mana jabun waya a bango

Assalamu alaikum jama'ar Kano. Duk wanda ke shirin ƙara rauta (na'urar da ke rarraba intanet a gida) ta biyu a gidansa, don intanet ta kai ɓangaren iyali ko saman bene, ya karanta wannan tun bai ba kowa kafin alƙalami ba.

Tun da Starlink ta shigo Najeriya a 2023, ga kuma 5G, mutane da yawa sun gane cewa rauta ɗaya ba ta iya keta bangon bulo da simintin gidajenmu. Galibi sai a ja waya daga ta farko zuwa ta biyu. A nan wasu suka samu ƙofa. Suna tallata kansu a Facebook da WhatsApp, su zo gida da ladabi, su ce: "Alhaji, ka bar mana komai, mu za mu sayo kaya, Cat6 ce ta asali." Cat6 sunan wani aji ne na wayar intanet. Kuɗin asali za ka biya, amma abin da zai shiga bangonka daban ne.

Wayar intanet ta gaskiya silayenta takwas ne, an murɗe su bibbiyu, kuma kowane sili jan ƙarfe ne zalla. Wadda suke kawowa ita ce ake kira CCA: alminiyom ne aka yi wa siririyar riga ta jan ƙarfe. A ido ba ka bambance su, kuma kwalin ma Cat6 aka buga masa. Alminiyom kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka na lantarki yake iya ɗauka, ga saurin karyewa in an lanƙwasa shi, ga shi yana lalacewa a bakin da aka matse kan wayar. Ranar da aka gama aiki komai zai yi daidai, shi ya sa damfarar ke tafiya. Sai bayan watanni intanet ta fara ɗaukewa tana dawowa, ka yi ta zagin kamfanin layi alhali ba ruwansa. Ka kira mai aikin, lambarsa a kashe.

Abin da ya fi damuna shi ne masu haɗa kyamarar tsaro, irin wadda wutarta ke bin cikin wayar intanet ɗin. CCA tana ɗaukar zafi idan ana tura wuta ta cikinta, a kuma shimfiɗa ta cikin silin ɗaki, ƙarƙashin kwano, a zafin Afrilu na Kano da yake haura maki 40. Wannan ya wuce maganar asarar kuɗi, a gidan da yara ke kwana.

Gwajin ba shi da wuya. Kafin a tura waya cikin fayif, ka sa a yanko maka guntu daga kwalin da za a yi aikin da shi, a gabanka, ba wanda ya zaro daga aljihu ba. Ka fere sili ɗaya, ka kankare shi da reza. In jan ya bi har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana kamar gindin tukunyar dalma, algus ne. Ko ka kara masa wutar ashana: alminiyom nan take zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi ja ya tsaya.

Akwai kuma ha'incin tsayi. Cikakken kwali mita 305 ne, kuma akan buga lambar mita a jikin rigar wayar, don haka ka duba lambar farko da ta ƙarshe ka san nawa aka ci a gidanka. Ragowar taka ce. Kada kuma ka yarda a ja waya ɗaya fiye da mita 100, nan ne iyakar ƙa'idarta, ko a ɗaure ta jiki da jiki da wayar wuta.

Wata dabarar ita ce raba waya ɗaya gida biyu, sili huɗu nan, huɗu can, a caje ka kuɗin waya biyu. Za ta yi aiki, amma ba za ta wuce gudun megabit 100 ba, domin gudun gigabit, wato megabit 1000, sai da silayen takwas duka. Ka ce ya saka na'urar gwaji, ka ga fitilu takwas sun kama a jere daga 1 zuwa 8. Mai aikin da ya ce ba shi da wannan 'yar na'urar, bai shirya wa sana'ar ba. Rautar ma ka buɗe kwalinta da hannunka, ka tabbatar sabuwa ce, ka canza kalmar sirrin da ya saka bayan ya tafi.

Ba ina cewa duk masu sana'ar haka suke ba. A Farm Centre da Titin Beirut akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da za su gaya maka ƙarara wannan CCA ce, wannan jan ƙarfe ce, ga bambancin farashi. Ka je da ƙafarka ka sayo, ka karɓi rasit da aka rubuta irin wayar a kai, ka biya mai aiki ladan hannunsa kawai, cikon kuma sai bayan gwaji. Wanda aka riga aka cuta, ya adana rasit da guntun wayar da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano. Masu gini a Rijiyar Zaki, Hotoro da sauran sababbin unguwanni, don Allah ku yi gwajin rezar nan kafin birkila ya shafe bango da filasta.