Sharhi kan katunan yaudarar ido na darasin lissafi

Kwalin yana ɗauke da katunan zane-zane masu yaudarar ido da ɗan littafin jagorar malami, kuma da shi nake koyar da lissafi a wata kwaleji a nan Damagaram tun farkon shekarar karatu. A ganina ya cancanci kuɗinsa, domin yana tilasta wa yaro ya auna abu kafin ya yanke hukunci a kansa.

Katin da ya fi yi mini amfani shi ne na Müller-Lyer, Bajamushen da ya wallafa zanen a 1889. Layuka biyu ne masu tsawo ɗaya, amma kawunan kibiya da ke ƙarshen ɗaya suna kallon ciki, na ɗayan kuma suna kallon waje. Wata ɗaliba ta rantse cewa na ƙasa ya fi tsawo, ta aza rula, ta ga santimita 8 a kan kowanne, ta sake aunawa da rular ƙawarta, sannan ta tambaye ni: “Malam, to wane ne ya yi ƙarya?” Daga wannan tambaya muka shiga batun kusurwa da yadda ƙwaƙwalwa take ƙaddara tsawo bisa abin da ke kewaye da shi. Haka ma katin bangon gidan shan shayi na birnin Bristol a Ingila, wanda Richard Gregory ya yi bayaninsa: layukan suna tafiya daidai, amma ido yana ganin sun karkace, kuma da yara suka sake zana shi ba tare da gocewar baƙaƙe da fararen tubala ba, sai karkatar ta ɓace.

Inda ban gamsu ba shi ne katunan sun yi ƙanƙanta ga aji mai cunkoso, jagorar kuma da Faransanci mai nauyi aka rubuta ta. Abin da ya fi damuna shi ne misalan duk na Turai ne, alhali dagin da ke kan bangayen unguwar Birni da aikin dukawanmu yana nuna igiya tana hawa kan wata tana nutsewa ƙarƙashin wata a kan shafaffen fili. Shi ya sa na sa ɗalibai suka zana dagi a takarda mai gida-gida, suna ƙirga mahaɗar layuka. Malamin da zai saya ya tanadi babbar takarda domin ƙara girman zanen.