Kwana biyu a gidan Kawsan, Agadas

Daga Damagaram muka taso da asuba, mota ta lalace mana bayan Tanut, sai bayan isha'i muka shiga Agadas, kowa ya yi futu-futu da ƙura. Wani dattijo mai fataucin cuku da dabino da muka zauna kujera ɗaya ya ce mini, "Ɗana, in masauki kake nema, je ka gidan Kawsan, ga shi can yana kallon masallaci." Na ɗauka gidan wani attajiri ne. Ashe Hôtel de l'Aïr yake nufi.

Ɗakin kwana ba shi da wani dogon labari. Gado, gidan sauro, ruwan wanka, na kwanta na yi barcina. Mai neman ƙyale-ƙyale irin na otal-otal ɗin Yamai ya nemi wani wuri.

Da safe ne na gane abin da na biya kuɗinsa. Zauren cin abincin ginin ƙasa ne, bango mai kauri, rufi can sama, ga ginshiƙai manya da baka irin na zaurukan sarakuna. Waje rana ta fara gasa mutane, ciki kuwa sanyi kamar bakin randa. Na dafa bangon da tafin hannu, na ji shi da sanyinsa. Yaron da ya kawo mini shayi da burodi ya ga ina ta ɗaga kai, ya ce, "Alhaji, nan fa Kawsan ya zauna."

Kawsan ɗin nan shi ne jagoran Abzinawa da ya zo da dakarunsa a watan Disamba na 1916, ya haɗa kai da Sarkin Abzin Tagama, suka tsare sojojin Faransa a barikinsu har kusan wata uku. A watan Maris na 1917 gudummawa ta iso wa Faransawa daga Damagaram, garinmu ke nan, abin da ya sa shayin ya ɗan tsaya mini a maƙogwaro. Faransawa suka karɓe Agadas, suka karkashe mutane har da malamai. Kawsan ya yi arewa, aka rataye shi a Murzuk cikin Libiya a 1919. Daga baya kuma baƙi suka riƙa cin taliya a zaurensa, da yawansu jikokin waɗanda ya yaƙa. Ni dai ban san ko dariya zan yi ba.

Amma saman bene ya fi komai. Ka hau da la'asar sakaliya, hasumiyar babban masallaci na gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, mita 27 ta jar ƙasa, itatuwa sun tsattsaga ta ko'ina. Tun wajen 1515 aka fara gina ta, aka sake ta a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Na zauna nan ina kallon masu babura da Buzaye da rawunansu suna wucewa ƙasa, har ladan ya kira magariba. Na sauko na tsallaka na yi salla, na bar shayina na uku a kan tebur.